Wa ya taɓa zuwa hutu bakin tekun Malaga? Ina son in kai uwargida

Mai Aya

Assalamu alaikum ƴan uwa, da fatan an wuni lahiya. Ni ɗan kasuwa ne a nan Maraɗi, sana'ata aya da riɗi, ina saye a kasuwannin ƙauye wajen Cadawa da Agye da Gazawa ina tarawa a magaza har masu fita da ita waje su zo. Baɗi in Allah ya kai mu muna cika shekara 20 da aure ni da uwargida, kuma tun tana amarya take ce min ita bayan Makka ba ta da wani buri irin ta tsaya bakin teku ta sa ƙafarta a ciki. Makka Allah ya nufa mun je, ta hango Bahar Maliya ta tagar jirgi da za mu sauka Jidda, na ce to ga shi kin gani, ta ce wannan leƙe ne ba gani ba. Ruwa mafi girma da ta taɓa tsayawa a bakinsa shi ne tabkin Madarumfa, sai kogi a Yamai.

To akwai wani abokin hulɗata da yake sayen aya a wurina yana turawa Sipaniya, shi ne ya nuna min hotunan wani gari wai shi Malaga a wayarsa, ruwa shuɗi ga duwatsu ga fararen gidaje, ni kuma na yi kuskuren nuna mata, tun daga ranar ban huta ba. Na san Lome ko Kwatano sun fi kusa kuma sun fi sauƙi, kada wani ya tuna min, na faɗa mata ta ce a'a ita can take so, kuma gaskiya matar nan ta yi haƙuri da ni lokacin da ba ni da ko keke, ba zan yi mata ƙwauro ba.

Abin da nake son sani, wane wata ya fi, ni dai na yi tunanin Agusta tunda yara na bakans za mu bar su wajen kakarsu kuma kasuwar aya ba ta buɗe ba tukuna. Sannan zancen biza, ana samu kuwa ko ɓata kuɗi ne? Abinci fa, ni naman alade nake tsoro. Kuma ita ba ta fita sai da hijabi har ƙasa, ba za a dinga kallonta ba ko a takura mata? Kwana 10 nake so mu yi. Wanda ya sani don Allah ya taimaka, ban da zolaya.

Ɗan Bagalam a Turai

Wa alaikumus salam Baba Alhaji, Allah ya ƙara danƙon ƙauna, ya sa mu ma mu yi koyi. Ni ɗanka ne daga unguwar Bagalam ta Maraɗi, shekarata 6 a nan, ina aiki a kicin ɗin wani gidan abinci a wani gari kusa da Malaga sunansa Fuwenhirola, don haka tambayarka ta faɗo gidana.

Maganar farko, Agusta ka cire shi a ranka gaba ɗaya. Wannan yankin suna ce masa Kosta del Sol, ma'ana gaɓar rana, kuma ranar ce suke sayar wa mutanen Ingila da Jamus da Holan waɗanda suke shekara cikin hazo, su ne suke cika wurin a Yuli da Agusta har ka rasa inda za ka shimfiɗa tabarma a bakin ruwan, kuɗin ɗaki ya hau sama, layi ko'ina, ga bikin garin Malaga da suke yi a tsakiyar Agusta sati guda cur ana kiɗa ana shaye-shaye a titi tun rana tsaka, ba wurin da za ka bi da Hajiya ba ne. Zafin kansa a bakin teku bai kai namu ba, wajen digiri 30 ko 31, amma da gumi yake zuwa mai naniƙe jiki, kuma akwai wata iska da suke kira teral da take gangarowa daga duwatsu, ranar da ta taso wallahi sai ka rantse kana Dakoro a watan Afrilu, tana kai garin 40. In kuwa kuka shiga cikin ƙasa wajen Kordoba to can wuce 40 a Agusta ba labari ba ne. Kai da ka baro Maraɗi da damina, gari ya yi sanyi gero ya yi kore, mi za ka zo nema cikin wannan?

Ni shawarata watan Mayu. Dubi lissafin, lokacin ne gida ake ƙonewa, ga ɗaukewar wuta ga ƙarancin ruwa kowa na kwana a tsakar gida, nan kuma rana wajen digiri 24, dare har sai an sa ƴar riga mai kauri, furanni ko'ina, mutane ba su yi yawa ba. Oktoba ma haka yake da daɗi amma na san lokacin kana cikin kakar aya ko sallama ba ka amsawa sosai hhh, kuma a kaka ne akan yi musu ruwan sama mai ɓarna, ka tuna ambaliyar Balensiya ta ƙarshen Oktoban 2024 da ta ci mutum fiye da 200. Abu ɗaya kawai, a Mayu ruwan tekun da sanyi, don nan kusa yake da mashigin da ruwan Atlantika ke shigowa, ko a tsakiyar zafi ma ba ya ɗumi kamar yadda hoto ke nunawa. Amma tunda ƙafa Hajiya ke son sawa ba ninƙaya ba, ya wadatar.

Masauki kuma, kada ku kama otal, ku kama ɗan gida mai kicin na kwanakin, ya fi araha ga mutum biyu kuma Hajiya ta dafa abin da ranta ke so. Fuwenhirola nake ba ku shawara ba don ina ciki ba, akwai babban masallaci ana juma'a, akwai mahautan Maroko da yawa masu naman halal, hanyar bakin ruwan doguwa ce kilomita wajen 7 kuma a shimfiɗe take ba hawa ba gangara. Jirgin ƙasa yana tashi daga filin jirgin sama kai tsaye, layin C1, ya bi ta Toremolinos da Benalmadena ya ƙare a nan, kamar rabin awa da ɗoriya, shi ne kuma zai kai ku tsakiyar Malaga duk ranar da kuke so, ba ruwanku da taksi. Marbeya tana gaba kaɗan, garin masu kuɗi ne, ku je yini guda ku ga masallacin Sarki Abdul'aziz da Saudiyya ta gina a 1981 ku ga jiragen ruwan attajirai a tasharsu ku dawo, kada ku kwana, shayi ma sai ka yi istigfari kafin ka biya.

Wani abin da zai rikita ku shi ne agogo. A bazara suna gaban Nijar da awa 1 kuma rana ba ta faɗuwa da wuri, a Mayu magariba tana wuce ƙarfe 9 na dare, lisha kusan 11, ni watan farko na sha yin barci kafin lisha. Ƙananan shaguna suna rufewa daga wajen ƙarfe 2 zuwa 5 na yamma, lahadi kuma yawanci a rufe, abincin dare sai 9 ake farawa. In kun je cin abinci ƙarfe 7 za ku tarar mu ƴan kicin muna yankan albasa tukuna.

Kabu-kabun Sabon Gari

Alhaji ka ce ban da zolaya amma ka yi haƙuri ba zan iya ba. Mutumin Maraɗi zai biya miliyoyi ya je garin da ake sayar da rana?? Ka zo tashar Sabon Gari ƙarfe 2 ka tsaya kusa da ni kyauta, in ma yashi ne gulbi ya ƙafe sai ka kai ta ta taka. Allah ya ba mu abin da ya ba ku dai, a zo mana da tsaraba.

Tsohon Ɗan Transit

Alhaji barka, ni zan yi maganar biza ne kawai don a nan ake faɗuwa, sau biyu na nema, na farko an hana ni na biyu na samu, don haka na san ɗacin da zaƙin.

Sipaniya tana cikin ƙasashen Turai da ake ce wa Shengen, biza ɗaya ce ke shiga dukkansu, ta gajeren zama, ba ta wuce kwana 90 cikin kwana 180. Suna da ofishin jakadanci a Yamai, kuma ƙa'ida ita ce ƙasar da za ka fi daɗewa a cikinta ita kake nema wa, kada wani ya ce maka nemi ta wata ƙasa ta fi sauƙi sannan ka wuce, wannan wayon ya sha kai mutane ya baro. Kuɗin biza tun Yunin 2024 yuro 90 ne kowane babba, yuro kuma ka san farashinsa ba ya motsi da sefa, 655,957 ne watau 656 a taƙaice, kenan jika 59 kai jika 59 Hajiya, kuma in sun hana ba sa mayarwa, ka sa wannan a ranka tun yanzu. Dole ku je da kanku a ɗauki zanen yatsu, kenan tahiyar Yamai ta kama ku, kilomita fiye da 600, ka lissafa kar da masauki har sau biyu in ba ka da wanda za ka sauka wurinsa. Ana iya ajiye dosiye tun wata 6 kafin tahiya, amsa a ƙa'ida kwana 15 ne amma tana iya kai 45, to in Mayu kake so ka fara neman randebu tun Janairu, kada ka ce sai bayan salla.

Abin da suke nema, paspo da zai rage aƙalla wata 3 bayan ranar dawowarku da shafi 2 da ba a buga komi ba, hotuna, rezerbasiyon jirgi zuwa da dawowa, takardar masauki, asirans ta lahiya da ta kai yuro 30.000 ga kowannenku, kada adadin ya tsorata ka abin da za su iya biya ne in an yi rashin lahiya, kuɗin sayenta kaɗan ne. Sai shaidar kuɗi, Sipaniya tana lissafi da kwana, fiye da yuro 100 kowace rana kowane mutum, kenan ku biyu kwana 10 a ga fiye da yuro 2.000 zaune a kont, wajen miliyan 1 da rabi, ban da kuɗin jirgi.

To ga inda mu ƴan kasuwar Maraɗi muke shan kashi. Kuɗinmu ba ya kwana a banki, yana cikin buhu yana cikin magaza yana hannun yaran da ke saye a ƙauye, mutum yana juya miliyan 50 amma relebensa kamar na ɗan makaranta. Ni abin da na yi a karon farko, saura sati 1 na kwashi kuɗi na zuba a kont gaba ɗaya, a raina na burge su, ashe abin da ya kashe ni kenan, wanda ya duba ya ga wata 3 ba komi sai rana guda tudu, ya ɗauka aro na yi, aka miƙo min takarda an sa alama a gidan da ke cewa ba su gamsu zan dawo ba. Ba na ganin laifin kowa sai nawa. Karo na biyu na yi wata 6 ina shigar da ciniki ta banki ina fitarwa ta banki, na haɗa rajistar kasuwanci da takardun lanho da na fili, aka ba ni. Su abin da suke son gani ɗaya ne, mi zai dawo da kai gida. Kai kuwa kana da magaza kana da ƴaƴa da za ku bari kana da tambarin Saudiyya a paspo ka je ka dawo, duk ka sa a ciki har takardun haihuwar yaran. Kuma takardar aure ta meri, in ɗaurin auren masallaci ne kawai kuka yi shekara 20 da suka wuce to ka je ka gyara tun yanzu, don Hajiya a kan kuɗinka za ta tahi, sai an ga shaidar ita matarka ce.

Kada ka sayi biye na gaske kafin biza ta fito, rezerbasiyo ya isa. Kuma ka guji masu cewa kawo kaza suna da mutum a ciki, ba su da kowa, takardar otal ta bogi za su buga maka a kira otal ɗin a ce ba a san ka ba, shi kenan sunanka ya ɓaci a kwamfutar ƙasashen gaba ɗaya. Hanya kuma daga Yamai akwai Royal Air Maroc ta Kasablanka, akwai Turkish ta Istanbul, ta Kasablanka ta fi gajarta nesa ba kusa ba. Wani abu, za ku ga ana tallar jirgin ruwa daga Tarifa zuwa Tanja ta Maroko, awa 1 kacal, mashigin kilomita 14 ne a inda ya fi ƙunci, abin sha'awa, amma ka duba bizarka tukuna, in shiga ɗaya aka rubuta kuka ƙetara to kun fita kenan, kayanku na Fuwenhirola ku kuna Tanja.

Maman Biyu

Sannu Alhaji, a gaida yaya Hajiya, ki sha kuruminki ƴar uwa ni na je da maigida shekara 2 da suka wuce, ƙanensa na zaune can, kuma da hijabina na yi yawona har na dawo. Matan Maroko sun cika garuruwan nan, ga Larabawan Saudiyya da Kuwait masu zuwa hutu har da masu niƙabi, ba wanda ya ɗaga kai ya dube ni sai wata tsohuwa a jirgin ƙasa da ta kama bakin atamfata tana ta magana tana murmushi, ashe zanen ne ya burge ta. Matsalar ba su za su kalle ku ba, ku ne za ku rasa inda za ku sa idonku, don bakin ruwan nan da rana tsirara ce kawai ba a kira sunanta ba, maigidana tun rana ta farko ya ce shi dai a kai shi gida. Dabarar da muka yi, mu fita bayan asuba wajen ƙarfe 7 zuwa 9 da rabi, lokacin ba kowa sai tsofaffi masu tattaki da masu share yashi, ruwan a kwance kamar faranti, rana na fitowa ta gefensa, wallahi Alhaji na tsaya na yi ta tasbihi hawaye na zuba ban san dalili ba. Sai kuma da yamma lis in sun watse. Ki tafi da siket ko zane mai kauri wanda ba ya mannewa in ya jiƙe, da wando a ciki don iska, kuma ku dubi tutar da suke kafawa, kore a shiga, rawaya a yi hattara, ja ko ƙafa kada a sa. Akwai wata halitta kamar farar leda a ruwan suna ce mata medusa, in kin gan ta a yashi kada ki taɓa ko ta mutu, harbinta kamar an ɗiga miki mai mai zafi.

Abinci kuma gaskiyar Alhaji ne ya ji tsoro, mutanen nan alade a wurinsu kamar yaji ne a wurinmu, cinyoyinsa a rataye a shaguna kamar an shanya wanki, sunansa hamon, kuma suna barbaɗa shi a abin da ba ka zata ba, har kan miyar tumatir mai sanyi da cikin wake, wasu kayan fulawar ma da kitsensa ake yi. Kalma biyu za ku haddace, sin serdo, ma'ana ban da alade. Amma mafi sauƙi ku ci kifi, shi ne abincin garin ma. A bakin ruwa za ku ga ƙananan kwale-kwale cike da yashi an hura itace a kai, suna tsire kifin sardin a tsinke kamar dai tsiren Maraɗi, gishiri kawai, espeto suke ce masa, ni kullum shi nake ci da burodi da man zaitun har maigida ya fara tsokanata. Ku je kasuwar Atarasanas a cikin Malaga da safe, ƙofarta ma tun zamanin Musulmi take, ki ga kifi iri-iri da zaitun da ɓaure da lemo.

To ga abin da ya same ni kada ya same ki. Na yi wa ƙanen maigida guzuri, kilishi mai kyau na sa aka yi min takanas, da man shanu kwalba guda da cuku, na naɗe cikin zannuwa. Muna sauka ƴan duwan suka ce a buɗe balis, suka kwashe tas suka jefa a wata roba ina kallo, ashe doka ce a duk Tarayyar Turai ba a shiga da nama ko nono ko abin da aka yi da su daga waje, ko ɗan yaya ne. Ranar ban ci abincin dare ba don takaici. Kuka da kuɓewa busassa da yaji da garin kunu su ba su taɓa min ba. Sai takalmi, ki sayi mai taushi na tahiya ki fara sawa tun a gida, tahiyar ƙasa ake yi ba wasa ba, ba kabu-kabu a ƙofar gida. Buta kuma ki sa ƴar ƙarama ta roba a jaka, bayinsu ba duka ke da ruwan tsarki ba, na faɗa miki dai.

Malam Na Zaure

Alhaji Allah ya sanya alheri. Ni ban taɓa zuwa ba sai a takarda, amma ina roƙonka wata alfarma, in Allah ya kai ka kada ka ƙare kwana 10 kana kallon ruwa, don ƙasar da za ka taka ita ce Andalus da muke karantawa a zaure. Musulmi sun shiga ta a 711 ƙarƙashin Ɗariƙu bin Ziyad, dutsen da ake ce wa Jibraltar ma sunansa ne, Jabalu Ɗariƙ, kuma mulkinsu bai ƙare ba sai 2 ga Janairun 1492 da aka miƙa Garnaɗa, kusan shekara 800 kenan. Malagar da za ka sauka ta faɗi a 1487, ganuwarta da fadarta ta Alkasaba suna nan a kan tudu a tsakiyar gari. Malikawa ne irinmu. Ishiriniyar da ake rerawa a mauludi, Alfazazi mai ita haifaffen Ƙurɗuba ne, wadda yaron nan ya kira Kordoba, Alƙali Iyal mai Ashafa ya yi alƙalanci a Garnaɗa, Ibn Malik mai Alfiyya ɗan Jayyan ne duk a yankin. Har wani mawaƙi masanin gini ɗan Garnaɗa, Abu Ishaƙ Assahili, ya haɗu da Mansa Musa a hajjin 1324 ya biyo shi Mali ya zauna Tumbutu har ya rasu a can. To ka ga ba baƙuwar ƙasa ba ce, zumunci za ka je.

Wurare biyu nake so ka gano mana. Fadar Alhamra a Garnaɗa, wadda aka zane bangonta da wa la galiba illallah ko'ina, da babban masallacin Ƙurɗuba da Abdurrahman na ɗaya ya fara ginawa wajen 785, mai ginshiƙai ɗaruruwa da bakuna ja da fari. Amma ka sani tun 1236 coci ne, mihrabin na nan za ka gan shi da idonka, sai dai ba a barin Musulmi ya yi salla a ciki, masu gadi na hanawa, kada zuciya ta ɗebe ka ka kabbara ka jawo wa kanka magana a ƙasar mutane. Ka yi addu'arka a zuci ka fito.

Mai Aya

Kai jama'a na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na karanta wa Hajiya duka, ta ce a gaya wa Maman Biyu kilishin nan ya fi ba ta tausayi fiye da komi. Agusta mun fasa, Mayu insha Allah. Tsohon Ɗan Transit kamar kana leƙen aljihuna, kont ɗina rabon da in zuba wani abin kirki tun bara, kuma takardar meri babu, gobe zan fara bi. Malam in sha Allah za mu je mu ɗauko maka hoto. Kabu-kabu kai kuma tsarabarka yashi cikin leda. Ɗana na Bagalam, wuraren da Malam ya faɗa suna da nisa daga inda za mu sauka? Kuma wai da gaske ne ayar da muke turawa kunu suke yi da ita?

Ɗan Bagalam a Turai

Da gaske ne Baba hhhh, kunun aya ne sak, orcata suke ce masa, a jiƙa a markaɗa a tace a sa sukari a sha da sanyi, sai dai ba sa sa dabino da kwakwa da citta irin namu don haka za ka ji shi salam. Asalinsa na Balensiya ne, can suke noma tasu ayar a wani gari Alboraya suna ji da ita sosai, amma ba ta isarsu shi ya sa suke saye daga Nijar da Mali da Burkina. A nan ma duk shagon askirim za ka samu da zafi ya fara. Ranar da na fara ganin farashin kofi ɗaya na lissafa tiya nawa ke nan a kasuwar Cadawa sai da na zauna. Ka sha ko sau ɗaya, wa ya sani ko daga magazarka ta fito.

Wuraren Malam ba nisa. Kordoba daga tashar Malaga jirgin ƙasa mai gudu wajen awa 1 ne, ku tafi da safe ku dawo da dare, kuma in kun dace da farkon Mayu lokacin ne suke bikin tsakar gida, mutane na buɗe gidajensu a shiga a ga furannin da suka jera a bango, Hajiya za ta so wannan. Garanada kuma, Garnaɗar da Malam ya faɗa, awa 1 da rabi zuwa 2 a kar. Amma Alhamra ba a zuwa haka kawai, tikiti ta intanet ake saye da suna da lambar paspo, yana ƙarewa makonni kafin ranar musamman a Mayu, kuma ɓangaren fadar sarakunan an rubuta maka awar shiga, in ka makara ko kai waye ba za ka shiga ba, ba irin lokacinmu na ina nan tafe ba. Ku riƙe paspo ɗin a hannu ranar. In kun fito ku hau unguwar Albaisin da ke fuskantarta, akwai masallaci da aka buɗe a 2003, ku yi azahar da la'asar a can, daga lambunsa ana hango fadar gaba ɗaya da duwatsu a bayanta, a Mayu sau da yawa da sauran ƙanƙara a kansu, Hajiya ta haɗa gani biyu. Hawan da tsayi, ku shiga ƙaramar bas kada ku ce za ku taka.

Kabu-kabu kuma ga naka, akwai wani ƙauye a kan dutse sama da mu sunansa Mihas, Turawa na bin layi suna biyan kuɗi a ɗora su a kan jaki a zagaya da su, jakan har da lamba kamar taksi. Baba in biza ta fito ka turo min saƙo ta nan kafin ka biya kuɗin kowane gida, in je in duba shi da idona in ga ko akwai lif, don wasu benayen hawa 4 ne ba lif kuma ba sa rubutawa. Ranar hutuna litinin ce.